BIRKI BA YA TSINKEWA RANA TSAKA: MAGANA GA MASU TSOFAFFIN JIF

Duk lokacin da aka yi mummunan hatsari a babbar hanya, ku lura da bayanin da ke biyo baya. Kalmomi uku ne kacal: birki ya tsinke. Mai rahoto ya rubuta haka, shaidun gani da ido su maimaita, mu kuma mu yi wa mamata addu'a mu wuce labari na gaba. Sai ka ce birki igiyar guga ce da ke katsewa ba sallama. Ni kam wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji aka kwance tayar mota a gabansa ya san cewa birki kafin ya ci amanar direba sai ya yi watanni yana kai ƙara. Ya yi ƙara, ya yi rawa, feda ta yi laushi, mota ta riƙa jan gefe guda. Kuma sau da yawa tun ranar da aka je kasuwa sayen kayansa aka riga aka yanke masa hukunci.

Maganata yau da masu tsofaffin jif nake. Masu Highlander ta 2001 zuwa 2007, RX 300 da RX 330, Pathfinder, Pilot, CR-V, 4Runner, tsohuwar Prado da sauran 'yan uwansu. Motocin nan wasu sun haura shekara 20 a duniya, sun gama aiki a Amurka ko Kanada kafin su sauka a Legas ko Kwatano, ga su nan kuma su ne ke kai iyali gida hutun Sallah, su ne motar biki, su ne motar kai mara lafiya asibiti da tsakar dare.

Me ya sa yanzu? Saboda aljihu. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta tsallake 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, dalar da ake lissafawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan birki kusan duk daga waje suke zuwa, don haka dala na tashi suna bin ta. Mai tsohuwar jif ba shi da halin canza mota, ba zai kuma iya ajiye ta ba, dole ya nemi inda zai rage kashe kuɗi. Mai ba ya raguwa, in ka hana mota sai ta tsaya maka a tsakiyar titi. Baƙin mai ma mutane na jin tsoronsa, don kowa ya san kuɗin gyaran injin da ya buga. Sai a juyo kan birki, saboda shi ne za ka cuta ya yi shiru.

Nan ne tarkon yake. A cikin gari, cikin cunkoso, kana tafiyar kilomita 30 ko 40 a awa, kowace irin fatar birki za ta tsayar da kai. Ta dubu kaɗan da ta dubu da yawa duk ɗaya za ka ji su a ƙafarka. Sai mutum ya ce ai ga shi tana kamawa, me zai sa in biya ninki uku? Bambancin sau ɗaya yake bayyana, ranar da kake kan hanyar Zariya ko ta Bauci, mota cike da mutane da kaya, shanu suka faɗo titi ko tirela ta tsaya ba fitila.

Bari mu yi ɗan lissafi. Corolla irin ta 2003 zuwa 2008 nauyinta bai kai kilo 1,200 ba. RX 330 tana wajen 1,800, Prado ta kai tan biyu. Ka zuba mutum biyar ko bakwai, ka ɗora buhun shinkafa da jarkar manja da akwatuna, ka ga mota ta kai kilo 2,200 ko fiye. Aikin birki shi ne ya mayar da gudun wannan nauyi ya zama zafi. In irin wannan mota tana gudun 120 ka taka birki ta tsaya cak, zafin da ya shiga ƙafafunta cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya tafasa ruwa kusan lita huɗu. Kuma abin ba daidai wa daida yake tafiya ba: in ka ninka gudu sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Tsayawa daga 120 daidai take da tsayawa huɗu daga 60 a haɗe wuri ɗaya. Mafi yawan wannan nauyi kuma ƙafafun gaba ne ke ɗaukarsa, shi ya sa fatar gaba ke riga ta baya cinyewa. Fatar da aka haɗa da kayan banza in zafi ya kai mata wani mataki sai ta daina riƙo, kana danna feda da duk ƙarfinka, feda na da tauri, mota kuma na ta tafiya abinta.

To yanzu mu shiga kasuwa. Ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, tambayar farko da za a yi maka iri ɗaya ce: "Alhaji, wanne za a kawo? Akwai na ƙasa, akwai na tsakiya, akwai orijina." Wannan tambaya ita ce matsalata. An mayar da fatar birki, wadda bakanike ke ce wa birek fad, kamar shadda, mai kuɗi ya ɗauki gezna, talaka ya ɗauki wadda aljihunsa ya kai. Shadda in ta yi araha kala ce za ta zuba. A nan kuwa "na ƙasa" ba ka san wa ya yi shi ba, ba ka san da me aka yi shi ba, kwalin ma wani lokaci babu sunan kamfani balle adireshi. Akwai kuma masu tattara tsofaffin ƙarafan fata, su liƙa musu sabon abu a kai, su fesa fenti, su sa a kwali. Irin wannan ce ke ɓantarewa daga ƙarfenta gaba ɗaya in ta ji zafi, ka taka feda ta tafi ƙasa.

Abin da nake ganin ya kamata mai mota ya riƙe shi ne sunan wanda ya ƙera, da lambar kayan. Toyota da Honda da Nissan ba su suke ƙera yawancin fatar birkinsu da kansu ba, kamfanoni irin su Akebono da Advics ne ke yi musu. Don haka in ka samu Akebono ko Advics na gaskiya a kwalinsu, ka samu abin da ya yi daidai da wanda motar ta fito da shi, ba sai ka biya kuɗin jan kwalin Toyota ba. Akwai kuma Bosch, TRW, Textar, Ferodo, Brembo, duk sanannun masu wannan sana'a ne. Sannan ka je da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Cewa "Highlander ce" ko "4Runner ce" bai wadatar ba. 4Runner ta 2003 zuwa 2009 kaɗai faifan gabanta girma biyu ne, akwai mai milimita 319 akwai mai 338. Motar da aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa Dubai ko Turai suna iya zama suna ɗaya, birki daban. In ka ga bakanike ya ɗauko giranda zai "ɗan rage kunnen" sabuwar fata don ta shiga, ka tsayar da shi. Ba tata ba ce, a mayar a canzo.

Akwai wasu alamu biyu da ba kowa ke dubawa ba. A gefen fata ko a bayanta, musamman waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka, za ka ga haruffa biyu kamar EE, FF ko GG. Na farko ƙarfin riƙonta ne tana sanyi, na biyu ƙarfin riƙonta in ta yi zafi. F ta fi E, G ta fi F. Ga mota mai nauyi ni ba zan sauka ƙasa da FF ba, kuma in na ga FE, wato wadda riƙonta ke raguwa in ta ɗauki zafi, ajiye ta zan yi. Na Turai kuma suna zuwa da harafin E a cikin da'ira da lamba mai farawa da 90R, shaidar cewa an gwada ta an ga aikinta bai yi nisa da na asali ba. Na san abin da za ku ce, kuma gaskiyarku ne: masu jabu ma sun iya buga tambari. Samun alamar ba ya wanke kaya. Amma rashinta gaba ɗaya, babu suna, babu lamba, babu harafi, ya isa ya sa ka fita daga shagon.

Sai rigimar siramik. Yanzu kowane mai shago "siramik" yake kira, an mayar da kalmar kamar wani lambar girma. Siramik na kirki ba ta ƙara, ba ta baƙanta rim da ƙura, ba ta cin faifai da yawa, kuma da yawa daga cikin motocin Japan irin RX da Highlander da CR-V irinta ce ta dace da su. Mai haɗin ƙarfe kuma, wadda za ka ga tana ɗan ƙyalli, ta fi ƙura da ƙara, ta fi cin faifai, amma ta fi jure zafi da kaya. Mai Prado da ke yawan lodi, ko mai bin hanyoyin duwatsu kamar na Filato da Mambila, ni ita zan ba shi shawara. Hajiyar da ke kai yara makaranta da RX, tana zuwa Kaduna sau biyu a shekara, siramik ta ishe ta. Amma fa mai haɗin ƙarfe ta kamfanin da aka sani ta fi "siramik" ɗin da kwali ne kawai ya ce siramik ce.

Yanzu faifai, wato dis. Nan ne na fi ganin sakaci, domin mutane da yawa ba su ma san yana cinyewa ba. Sai a canza fata sau huɗu, sau biyar, faifai na nan tun wanda ya zo da motar daga Amurka. Kowane faifai yana da iyakar kaurin da bai kamata ya gaza ba, kuma a jikinsa aka rubuta, a gefe ko a tsakiya inda yake zama kan hob. Za ka ga MIN TH da lamba a milimita. Yawanci tsakanin sabo da wannan iyaka milimita biyu ne kawai, misali sabo 28 iyaka 26. Ido ba ya auna milimita biyu, farce ma haka. Akwai ɗan ma'aunin ƙarfe da ake yin wannan da shi, kuma kuɗinsa bai kai na fata saiti ɗaya ba. Amma ku gaya mini gareji nawa kuka shiga kuka ga an ɗauko shi? Abin da aka saba shi ne oga ya shafa da yatsa ya ce "da sauransa". Faifan da ya sirance ba shi da jikin da zai shanye zafin da muka lissafa ɗazu, sai ya yi saurin ɗaukar wuta, ya ƙona sabuwar fatar da ka saya da tsada, wani lokaci ya tsattsage.

In sitiyari na rawa a hannunka duk sanda ka taka birki da gudu, faifan gaba ne kaurinsa ya daina zama daidai. Sai a ce a kai wa masu injin fere ƙarfe su gyara fuskarsa. Ba laifi ba ne in bayan an fere kaurin zai tsaya sama da iyaka. Abin tambaya shi ne wa ya auna kafin a fere, wa kuma ya auna bayan an gama? An fere faifai sau biyu, an ce ya yi sumul kamar sabo, alhali ya zama faranti.

A kan Baljiyam kuma ra'ayina ya rabu biyu, kuma na san wasu ba za su yarda da ni ba. Faifan Baljiyam na asali, wanda aka auna aka ga yana da kauri, babu tsaga, babu zurfin zane, tsatsa ba ta cinye hanyoyin iskan da ke tsakiyarsa ba, ni na fi yarda da shi a kan sabon faifan da ba a san mahaifinsa ba. Ka ɗauki irin wannan sabon a hannu ɗaya, na asali a ɗaya hannun, sau da yawa za ka ji sabon ya fi sauƙi. An faɗaɗa ramin iskan tsakiya an rage ƙarfen gefe biyu, kauri daga waje daidai, nama babu. Amma fatar Baljiyam, a'a. Fatar da ta yi shekaru a motar da ta yi hatsari tana jibge a fili, ruwa da ƙanƙara na dukanta, tsatsa na shiga tsakanin ƙarfe da abin da aka liƙa, ba ka da hanyar ganin cikinta. Tana iya nuna maka kauri mai kyau ta rabu da ƙarfenta bayan wata biyu.

Masu son ƙawa kuma da ke neman faifai mai huji-huji irin na motar tsere, ku bar kuɗinku. A tsohuwar jif mai nauyi ba abin da zai ƙara muku, bakin hujin ne ma ke fara tsagewa, ga ƙura da laka na cika shi.

Ko faifai ko fata, ƙafa biyu ake canzawa tare, hagu da dama. Wanda ya canza gefe ɗaya ya sayi mota mai fizgar sitiyari ranar da ya fi bukatar ta tafi sak. Sabuwar fata tana da kaurin wajen milimita 10 zuwa 12, in ta sauko 3 lokacinta ya yi. Kuma wannan ɗan ƙarfen da ke jikin fata, mai yin ƙiii in ta kusa ƙarewa, don Allah a daina lanƙwashe shi don mai mota ya ce ƙara ta dame shi. Aikinsa ke nan, ya dame ka.

Akwai abin da ya shafi motocin tokumbo musamman. A arewacin Amurka da Kanada gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cin ƙarƙashin mota shekara da shekaru kafin ta zo hannunmu. Kalifa, wato abin da ke matse fata a jikin faifai, tana zamewa ne a kan wasu fil guda biyu. In suka yi tsatsa suka ƙage, sai fata ɗaya ta cinye har ƙarfe, 'yar uwarta na nan kamar sabuwa. Duk wanda ya ga haka ya sani ba fatar ce mai laifi ba, kuma ko Akebono ya sa haka za ta sake yi. A zare fil ɗin, a wanke, a sa musu man da aka yi don birki. Giris ɗin da ake cusa wa boris yana kumbura robar da ke rufe su, bayan 'yan watanni su sake kamewa. A duba bututan ƙarfe da ke bi ta ƙarƙashin mota, a duba tiyon roba da ke zuwa kowace ƙafa ko ya tsattsage. Tiyo mai shekara 20 in ya fashe, wannan kam shi ne birkin da ya tsinke da gaske, amma shi ma da an leƙa da an gani.

Man birki kuma sai ka ce gado ne, ba a taɓa shi sai dai a ƙara. Alhali yana shan danshi daga iska a hankali. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140. DOT 4 kuma 230 ne sabo, 155 in ya jiƙa. In ya tafasa a cikin kalifa sai ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake yi, feda ta nutse har ƙasa babu komai. Bayan minti 20 ya huce, birki ya dawo, mutane su ce abin na aljanu ne. Duk shekara biyu a zubar da shi a sa sabo daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka, irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa. Man giya ko na sitiyari in ya shiga ciki ya gama da robobin birki gaba ɗaya. Masu zuba ruwan omo kuwa don su lallaɓa su kai gida, ban san abin da zan ce musu ba. Sannan in ka ga man ya ragu, kafin ka cika ka tambayi ina ya tafi. Ko fata ce ta cinye, ko wani wuri na yoyo.

Na san akwai mai karanta wannan yana cewa, malam, kai da kake da shi ne kake wannan dogon Turanci, mu da ƙyar muke zuba mai. Ban raina wannan magana ba. Amma a cikin abin da na faɗa akwai sauƙi da yawa. In an auna faifai yana sama da iyaka kuma fuskarsa lafiya, kar ka canza shi, ko bakanike ya nace. Ga faifan Baljiyam da aka auna. Ga kwalin kamfanin da ya ƙera a maimakon kwalin mai mota. Wanke fil da canza man birki ba su kai kuɗin rabin tanki ba. Fatar kirki kuma tana daɗewa, ta banza kana iya canza ta sau biyu ko uku kafin ta kirki ta ƙare, kowane zuwa da kuɗin aiki, ga faifan da take gurzawa. Abin da ba na karɓa shi ne mutumin da ya sa sabon rim, ya yi wa gilashi baƙi, ya ɗaura allon Android a gaban mota, sannan ya zo kan birki ya ce a kawo na ƙasa. In kuwa da gaske babu, to a rage gudu, a rage lodi, a ɗage doguwar tafiya har a samu. Mai fatar da bai yarda da ita ba ba shi da hurumin taka 120 da 'ya'yan mutane a baya.

Mu ma masu mota muna da hannu a yadda gareji ya lalace. Za ka miƙa wa bakanike kuɗi dunƙule, kaya da aiki a haɗe, ka matse shi har ya rasa abin da zai ba yaransa na abinci, sannan ka yi mamaki don ya sayo na ƙasa ya ce maka na tsakiya ne. Ka raba kuɗin aiki da kuɗin kaya. Ka biya shi hakkinsa yadda zai zauna ya wanke fil, ya goge fuskar hob kafin ya ɗora faifai, ya wanke man da ke jikin sabon faifai, ba ya yi sauri don ya kama wata motar ba. Kaya kuma ka je da kanka ko ku je tare, ka riƙe dila ɗaya mai shago tsayayye wanda zai ba ka rasit da lambar kayan a rubuce, wanda ya san in ya ba ka jabu gobe za ka dawo ka same shi. Bayan an gama a ba ka tsofaffin kayan da kwalin sababbin ka gani da idonka. Bakanike na kirki ba ya jin haushin wannan.

Wani abu kuma da ke damuna a garejinmu, yaran da ake sa wa su hure ƙurar birki da iskar kwamfireso ko da baki. Shekaru da yawa da asbestos ake haɗa fatar birki, wani ma'adini mai zare-zare da ke maƙalewa a huhu ya jawo kansa bayan shekara 20 ko 30. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2005. Kwalin da babu suna babu adireshi, wa zai rantse maka babu shi a ciki? Oga, a jiƙa wurin a goge da tsumma, yaron nan amana ne iyayensa suka ba ka.

Hukuma fa? Alƙaluman hukumar kiyaye haɗura ta FRSC sun nuna mutum 5,081 suka mutu a hanyoyin Najeriya a 2023, a 2024 kuma 5,421. Gudu ne ke kan gaba a dalilan da suke bayarwa, ban musa ba, amma gudu da birki ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, mai gudu ne ya fi kowa bukatar birkin da zai amsa. Muna da hukumar SON da aikinta shi ne tantance ingancin kayan da ke shigowa ƙasa. Muna da takardar shaidar lafiyar mota da ake sabuntawa duk shekara. Kowa a nan ya san mutane nawa ke karɓar wannan takarda motarsu na ajiye a gida ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta. A kan hanya za a tambaye ka lasisi, inshora, abin kashe gobara, alwatika mai ƙyalli. Duk suna da amfani. Amma kwantenar fatar birki marar suna da ta wuce tashar jirgin ruwa ta fi duk motocin da ba su da alwatika haɗari, kuma ita a wuri ɗaya za a iya tare ta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar kayan mota ma sun san masu liƙa fata a tsohon ƙarfe, sun san shagunansu. In sun ga dama cikin mako guda za su hana.

In an ɗaura sababbin kaya, kar a fita daga gareji a hau babbar hanya kai tsaye. Sabuwar fata da faifai sai sun saba da juna. Ka nemi titi marar cunkoso, ka kai 60, ka taka a hankali amma da nauyi har ka sauko wajen 10, ka saki ka sake hawa, kamar sau takwas zuwa goma, ba tare da ka tsaya cak kana danne da feda ba. Sannan ka yi 'yar tafiya su huce. Kilomita 200 zuwa 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi sai dole. A ɗaure notocin taya a tsallake-tsallake, ɗaya nan ɗaya can, da hannu, ba yaron mai faci ya hau kan sifana yana tsalle ba, don wannan ɗaurin na iya karkatar da zaman faifai ya dawo maka da rawar sitiyarin da ka biya kuɗi don ka rabu da ita. In ka dawo daga tafiya ƙafafu na tururi, ka bari su huce kafin mai wankin mota ya sakar musu ruwa.

Masu bin hanyar Jos zuwa Akwanga kuma, kun san Hawan Kibo, kun san abin da gangaren nan ya ci. Ko sabon Brembo ka ɗaura jiya, in ka ɗora ƙafa a kan feda tun daga sama har ƙasa sai ka dafa shi. Giyar otomatik ɗin jif ɗinku tana da 3 da 2 da L a ƙasan D, wasu kuma maɓallin O/D ne a jikin sandar giya. Tun kafin gangare ya fara ka sauko da giya, inji ya riƙe motar, birki kuma ka riƙa taka shi kana saki. Injin zai yi kuka sama da yadda ka saba, ba abin da zai same shi. Masu sa mota a N a gangare don su tsimin mai, in kana cikin motar a matsayin fasinja, ka yi magana.